Jagorar Karanta Labaran Binciken Tsohon Laifi da Ƙarshensu na Ba-zata

A cikin littattafan binciken laifi akwai wani reshe da ya fi sauran bukatar natsuwa, wato wanda ake tono maganar da ta daɗe da kwanciya. An kashe mutum ko ya ɓace shekara ashirin ko talatin da suka wuce, 'yan sanda sun yi iya nasu sun gaji, fayil ya sha ƙura a ofis, sannan wani ya taso ya ce shi bai gamsu ba, sai an sake dubawa. Mu a Nijeriya mun san irin wannan a zahiri, domin kisan ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin da aka kai masa cikin ƙunshin wasiƙa a Legas ranar 19 ga Oktoba 1986, da kisan ministan shari'a Bola Ige a gidansa na Ibadan ranar 23 ga Disamba 2001, har yau babu wanda kotu ta tabbatar wa laifinsu. A littafi kuwa marubuci ya ɗaukar wa mai karatu alkawarin zai warware maganar, kuma in marubucin kirki ne, zai shimfiɗa duk abin da ake bukata domin warware ta tun kafin babin ƙarshe.

Na daɗe ina karanta irin waɗannan littattafai a nan Zariya, ina kuma ba abokai aro, kuma abin da na lura shi ne yawancinmu da gudu muke karanta su, hankalinmu yana kan sunan wanda ya yi kisan kaɗai. In an kai ƙarshe sai mutum ya ce an mamaye shi, ya ajiye littafin, bai san ta ina aka bi aka mamaye shi ba. A ganina wannan asarar rabin daɗin littafin ce. A labarin tsohon laifi jini ya bushe, sawu ya goge, ɗakin da aka yi aika-aikar ma wataƙila an rushe shi, abin da ya rage kawai shi ne abin da mutane suka tuna da abin da aka rubuta, don haka aikin mai karatu shi ne auna maganar mutane. Ga yadda nake bi, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: zaɓen littafin da ya cancanci wahalarka

Masana adabi sukan fara lissafin wannan fanni daga gajeren labarin da Edgar Allan Poe ya buga a Amurka a 1841, sannan Arthur Conan Doyle ya fito da ƙagaggen mai bincike Sherlock Holmes a Ingila a 1887, ya yi masa littattafai 4 da gajerun labarai 56. Wanda bai taɓa karanta labarin bincike ba, gajerun labaran Holmes su ne mafari mai sauƙi, domin kowanne ana gama shi a zama ɗaya. Amma wanda yake son tsohon laifi musamman, littafin da nake fara miƙa masa shi ne Five Little Pigs na Agatha Christie, wanda ya fito a 1942. A cikinsa an kashe wani mai zane da guba, an ɗaure matarsa, ta rasu a kurkuku, bayan shekara 16 'yarsu ta zo wurin mai bincike Hercule Poirot da wasiƙar da uwar ta bar mata tana cewa ba ita ta yi ba. Akwai mutum biyar da suke gidan a ranar, kuma kowannensu ya ba da labarinsa da baki, sannan ya rubuta shi. Ban san wani littafi da ya fi shi koyar da yadda ake kwatanta shaida da shaida ba.

Bayan shi sai The Daughter of Time na Josephine Tey, na 1951, inda wani sufeton 'yan sanda yake kwance a gadon asibiti, ya shiga bin diddigin zargin da aka yi wa Sarkin Ingila Richard na Uku na kashe 'ya'yan ɗan'uwansa biyu da suka ɓace a Hasumiyar Landan a 1483. Babu tsere da mota, babu harbi, sai tsofaffin takardu da tambayar wa ya rubuta tarihin, kuma a ƙarƙashin mulkin wa ya rubuta shi. Daga cikin na zamani akwai jerin littattafan Jussi Adler-Olsen na ƙasar Denmak da suka fara fitowa a 2007, kan wani sashen 'yan sanda da aka jefa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka tara masa fayilolin da kowa ya fid da rai da su. Daga gida kuma akwai Lightseekers na Femi Kayode, na 2021, wanda wani masanin halayyar ɗan Adam yake sake bin sawun kisan da taron jama'a suka yi wa ɗalibai uku a wani gari kusa da Fatakwal. Sai dai in faɗa wa iyaye da malamai gaskiya: da yawa daga littattafan zamani, musamman na ƙasashen arewacin Turai, suna bayyana cin zarafi da fyaɗe filla-filla, don haka a duba kafin a miƙa wa yaro. Na Christie da na Doyle ba su da wannan matsalar.

Duk waɗannan da Turanci ake samunsu. Abin yakan dame ni, ganin cewa a garin nan ne aka raini ƙagaggen labarin Hausa tun gasar rubutun da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, amma har yanzu labarin bincike bai yi ƙarfin labarin soyayya a rubutunmu ba. Ɗalibi ko ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello yana iya duba Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, mai waya kuma zai sami labaran Poe da Doyle da littafin Christie na farko, na 1920, kyauta a shafin Project Gutenberg na intanet. Wanda zai sayi tsohon littafi a hannun masu baza su a bakin titi, to ya ƙirga shafukan ƙarshe kafin ya biya, ya duba lambobinsu kawai ba tare da karanta rubutun ba. Na taɓa kwana uku ina bin wani littafi da na saya a haka, sai na tarar babi biyu na ƙarshe sun zube, kuma sai bayan shekaru na sami wani kwafin. Haka nan a guji karanta gabatarwar da wani ya rubuta wa littafin da sharhin da ake yi a intanet, domin sau da yawa a can ake tona asirin.

Mataki na biyu: takarda, biro, da sunayen mutane

Ka tanadi takarda guda ka ninka ta cikin littafin. Duk mutumin da aka ambata a babi uku ko huɗu na farko, rubuta sunansa, da dangantakarsa da mamacin, da shekarunsa a lokacin da abin ya faru, da matsayinsa yanzu. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne mutane suka fi rainawa, alhali a labarin tsohon laifi kowa mutum biyu ne: wanda yake a da, da wanda ya zama. Dattijon da kake gani da furfura da carbi, a daren da ake magana saurayi ne mai zafin kai, kuma marubuci ya san idonka zai tsaya kan furfurar.

Domin kada in ɓata wa kowa littafin da bai karanta ba, zan ƙago misali nawa in riƙa komawa gare shi. A ɗauka a farkon watan Maris na 1984 an tsinci gawar wani attajirin hatsi a cikin sitonsa a kasuwar Sabon Gari, akwatin kuɗinsa babu. An kama yaron shagonsa bisa shaidar maigadi, an ɗaure shi, ya rasu a gidan yari. Bayan shekara 30 'yar yaron shagon ta roƙi wani tsohon ɗan sandan ciki da ya yi ritaya ya sake duba maganar. Babban ɗan attajirin, wanda yanzu shi ne maigida, ya tarbi mai binciken hannu bibbiyu, ya ce shi lokacin yana makarantar kwana, amma ya yi masa izinin ganin duk wanda yake so. Maigadin ya ce bayan Isha'i ya ga yaron shago ya fito daga sito da jaka, kuma ba zai manta daren ba, domin a daren ne ƙanen Alhaji ya ba shi sabuwar naira ashirin mai sabon launi ya ce ya sayi goro. Direban motar hatsi ya ce da azumi abin ya faru, kuma a makon Alhaji ya faɗa masa cewa ana yi masa sata, ɓarawon kuwa jininsa ne. Amaryar Alhaji ta ce ita ce da girki, maza uku ne ke ci a zaure kullum, Alhaji da ƙanensa da yaron shago, ta fitar da kwanoni huɗu bayan Magariba, ta kwashe su bayan Isha'i, ta kwanta, sai da asuba ta ji kuka. Ƙanen kuma, wanda ya riƙe dukiyar har magada suka girma, ya ƙi cewa komai.

Mataki na uku: jera lokutan

A bayan takardarka ka ja layi biyu. Na farko na ranar da abin ya faru ne, daga wayewar gari zuwa lokacin da aka ga gawa. Na biyu na shekarun da suka biyo baya ne: wa ya yi aure, wa ya bar gari, wa ya yi arziki farat ɗaya, wa ya rasu, kuma yaushe. Sabon mai karatu yakan cika layin farko ya manta da na biyu, alhali abin da mutum ya yi bayan kisan yakan fi abin da ya faɗa game da daren nuna gaskiyarsa. Wanda ya tattara ya koma Legas bayan sadakar bakwai bai sake waiwayo ba, da wanda ya ɗauki nauyin iyalan wanda aka ɗaure ba tare da wata dangantaka ba, dukansu sun bar maka tambaya.

Sannan ka gwada kowace magana da abin da ka sani game da zamanin. Mutanenmu ba kasafai suke riƙe kwanan wata ba, sai dai su ce da azumi, ko da kaka, ko shekarar da aka yi canjin kuɗi, kuma waɗannan duk ana iya auna su. A misalinmu, a ƙarshen watan Afrilu na 1984 ne gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ban da takardar kwabo hamsin. Kisan kuwa a farkon Maris aka yi shi. Ke nan babu yadda za a yi maigadi ya karɓi naira ashirin mai sabon launi a daren kisan, sai dai bayan makonni bakwai ko fiye, wato a daidai lokacin da ake shirin sauraron shaidarsa. Tsufa ya sa ya haɗe dare biyu ya mai da su ɗaya, kuma da haka ya tona cewa kuɗin ba na goro ba ne.

Zamanin da labari yake ciki shi ne kuma yake nuna kayan aikin da mai bincike zai iya samu. A 1984 ne Alec Jeffreys ya gano hanyar bambance mutum da mutum ta gwajin ƙwayoyin halitta a Jami'ar Lesta ta Ingila, kuma Colin Pitchfork, wanda aka yanke wa hukunci a 1988 kan kisan 'yan mata biyu a 1983 da 1986, shi ne mai kisan farko da aka kama ta wannan hanya. A shari'ar ne kuma gwajin ya wanke wani matashi da ya riga ya amsa laifin ɗaya daga cikin kisan, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe duk lokacin da aka ce masa ai wane ya amsa da bakinsa. A 2018 an kama Joseph DeAngelo a Kalifoniya kan kashe-kashen da ya yi shekaru fiye da 30 kafin nan, ta hanyar bin ƙwayoyin halittar danginsa na nesa. Don haka in littafi na zamani ne, ka tambayi kanka wace riga ko wace wasiƙa aka adana tun wancan lokaci da za a iya kai wa ɗakin gwaji yanzu. In kuma labarin Nijeriya ne na kafin 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo, duk wanda ya ce an sanar da shi nan take sai ya faɗi ta yadda saƙon ya riske shi.

Mataki na huɗu: auna masu ba da shaida

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne ɗan Zariya yake da abin da ya gada. Duk wanda ya zauna gaban malami a makarantar zaure a cikin birni ya ji yadda magabata ba sa karɓar labari sai sun duba wanda ya kawo shi: daga wa ya ji, ya riski wanda ya ce ya ji daga gare shi, yana da riƙo ko mai mantuwa ne, an san shi da gaskiya ko a'a. Wannan tarbiyyar hankali ita ce ake bukata a nan. Ga kowace shaida ka raba abin da mutum ya gani da idonsa, da abin da aka faɗa masa, da abin da ya ƙiyasta. Marubuta suna son cakuɗa ukun cikin jimla ɗaya. In mace ta ce ta ji mijinta ya shigo da ƙarfe goma, abin da ta ji shi ne ƙarar ƙofa da takun takalmi, sunan mijin kuwa ita ta ɗora.

Bayan haka ka bambance kuskure da ƙarya, domin ba hukuncinsu ɗaya ba. Direban misalinmu ya ce da azumi aka yi kisan, alhali azumin 1984 a watan Yuni ya faɗo, wata uku bayan abin. Ya yi kuskure ke nan, amma kuskuren bai amfane shi da komai ba, bai kuma cuci kowa ba, irin ruɗewar da shekara 30 ke jawowa ce. Ba za a zubar da sauran maganarsa saboda wannan ba, musamman kalmar da ya ce Alhaji ya faɗa masa, domin mutum yakan manta wata da rana amma ya riƙe maganar da ta girgiza shi. Ƙa'idar da nake bi ita ce in tambayi wa zancen ya amfana. In maganar da ba daidai ba ta kare mai faɗinta ko wani nasa, sai in sa mata alama ja. In ba ta kare kowa ba, sai in ɗauke ta shaidar cewa marubucin ya san yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam take.

Ka kuma tuna cewa kusan kowa a irin wannan littafi yana ɓoye wani abu, amma mutum ɗaya ne ko biyu suke ɓoye kisa. Wata tana ɓoye tsohuwar soyayya, wani bashi, wani ɗan da ba a san da shi ba. Gaskiya ne mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, sai dai marubuci ya san ka san haka, shi ya sa yake cika aljihun mutum huɗu da kaji iri-iri domin ka bi wanda ya fi zabura. Wannan ita ce dabarar ɓad da sawu. Duk wanda aka tara wa zargi tun tsakiyar littafi, aka nuna yana da dalili da dama da mugun hali, ka yi masa uzuri tukuna, ka juya ka dubi wanda mai binciken bai taɓa tambayarsa inda yake a daren ba, ko wanda ya faɗi inda yake aka karɓa ba a nemi mai tabbatarwa ba.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne ƙananan maganganu. Hujjar gaske ba a tsakiyar fage ake ajiye ta ba. Ana cusa ta ne cikin jerin kayan da aka samu a aljihu, ko cikin hirar girki da wanki, ko a jimlar da ta zo daf da wani tashin hankali wanda zai ɗauke hankalinka nan take. In ka ga an ambaci adadi, ko launi, ko hannun da mutum yake rubutu da shi, ba tare da wani dalili na fili ba, rubuta shi da lambar shafin.

Mataki na biyar: sanin dokokin wasan

Tun da daɗewa marubutan fannin suka yi muhawara kan abin da ya halatta a ɓoye wa mai karatu. Littafin Christie na 1926, The Murder of Roger Ackroyd, ya jawo ce-ce-ku-ce kan ko ta yi wa masu karatu adalci, kuma ba zan faɗi dalilin ba. A 1929 wani limamin Katolika a Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin labaran bincike ne, ya jera dokoki goma. Daga cikinsu akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, kada a warware magana da tsafi ko wani abu na gaibu, kada a kawo gubar da ilimi bai san ta ba, kada mai bincike ya gano gaskiya bisa katari, dole ya nuna wa mai karatu duk hujjar da ya tsinta, kuma kada a fito da tagwaye a ƙarshe in ba a share musu fage ba. Marubutan baya sun karya wasu daga cikin dokokin, wani lokaci da gwaninta, amma ruhinsu yana nan.

Dokar gaibu ta fi shafar mu, domin mun taso da labaran da layar zana ko aljani ko boka ke warware ƙulli. A labarin bincike in an ce gidan da aka yi kisan yana da aljanu, shi ya sa shekara ashirin ba wanda ya shiga, to tambayar ita ce wa ya fara yaɗa zancen, kuma me yake ajiye a ciki.

Ƙarshen ba-zata kuwa hanyoyinsa ba su da yawa, kuma sanin su ba ya rage daɗi. Wani lokaci wanda ake zaton ya mutu yana raye da wani suna. Wani lokaci an kashe wanda ba shi aka nufa ba, don haka duk neman dalilin da aka yi a kansa aikin banza ne. Akwai inda lokacin mutuwar ne aka gurɓata, akwai inda mutane da yawa suka haɗa baki, akwai inda mai ba da labarin ne bai faɗi duk abin da ya sani ba. A labarin tsohon laifi kuwa wadda ta fi yawa, kuma ta fi taɓa zuciya, ita ce wani ya yi ƙarya ko ya karɓi hukunci domin ya kare wanda yake ƙauna, wani lokaci ma wanda yake karewar bai aikata komai ba.

Mataki na shida: tsayawa kafin babin ƙarshe

Idan ka ga mai bincike ya ce a tara masa kowa, ko ya ce yanzu ya san komai, rufe littafin. Ka rubuta suna ɗaya, da dalilin kisan, da yadda aka yi shi, da hujjoji biyu ko uku daga takardarka. Sharaɗin shi ne bayaninka ya ɗauke duk abin da ka rubuta, har ƙananan. In akwai hujja ɗaya da ta ƙi shiga, kada ka ture ta gefe, domin galibi ita ce bakin zaren. In kuna karatun ne ku biyu ko uku, kamar yadda muke yi da wasu abokai bayan La'asar, kowa ya rubuta nasa a ɓoye a ninke, sannan a karanta babin ƙarshe tare da murya.

A misalinmu mai gaggawa zai rubuta sunan ƙanen Alhaji. Shi ya sayi maigadi, shi ya riƙe dukiya, shi ne jinin da direba ya ambata, shi ne kuma ya ƙi magana. Bayanin ya yi kyau, amma akwai abu ɗaya a takardar da bai ɗauke ba.

Mataki na bakwai: komawa baya

Bayan ka karanta ƙarshen, ko ka ci ko ka faɗi, ka koma babi uku na farko ka sake karanta su a ranar, tun abin yana sabo a ranka. Da wannan ake gane marubucin da ya yi adalci. In ka ga jimlolin da ka wuce a guje yanzu sun sauya ma'ana, har kana mamakin yadda aka faɗa maka gaskiya ƙarara ba ka ji ba, to ƙarshen halattacce ne, kuma ka nemi sauran littattafan wannan marubuci. In kuwa ka duba ba ka sami komai ba, sai wata wasiƙa da ta faɗo daga sama a shafi na ƙarshe, ko wani baƙo da ba a taɓa ambata ba, to an cuce ka ne, kuma kana da haƙƙin faɗin haka ko da littafin ya yi suna. A gefen takardarka ka rubuta dabarar da aka kama ka da ita, ka ajiye takardar cikin littafin, domin bayan littafi biyar ko shida za ka ga irin ramin da kai musamman kake yawan faɗawa.

Yanzu koma maganar amarya. Maza uku ne ke ci a zaure, amma kwanoni huɗu ta fitar a daren. Ba ta ɓoye komai ba, hannunta ne ya tuna abin da bakinta bai lura da shi ba: akwai namiji na huɗu a gidan, wanda ba baƙo ba ne, tunda ba wanda ya ambaci zuwan baƙo. Mutum ɗaya ne a labarin ya faɗi inda yake ba a nemi mai tabbatarwa ba, shi ne babban ɗan da ya ce yana makarantar kwana, kuma shi ma jinin Alhaji ne. Ƙanen ya sayi shaidar maigadi ne domin ya kare ɗan yayansa da sunan gidan, ya bar yaron shago ya mutu a kurkuku, sannan ya yi shekara 30 bai ce uffan ba. Abin da ya rage wa tsohon ɗan sandan shi ne ya nemi rajistar makarantar ta farkon shekarar 1984, ya duba ranar da aka ba yaron izinin fita, ko ranar da aka kore shi.